Doka Ta Ba Da, Wa Ke Rabawa? Tushen Shari'a da Tafiyar da Makarantun Gwamnati a Unguwar Sabo ta Ibadan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dokokin da makarantun gwamnati suka tsayu a kansu a Jihar Oyo da hukumomin da ke riƙe da akalarsu, sannan ta auna matsayin unguwar Sabo ta Ibadan a cikin tsarin. An bi sawun dokokin tun daga 1916, an karanta sassan Tsarin Mulkin 1999 da na Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, an kuma waiwayi wasu hukunce-hukuncen kotu. Maƙalar ta nuna cewa wajen shiga makaranta doka ba ta bambanta ɗan Sabo da ɗan sauran unguwannin garin irin su Beere ko Oje ba. Inda Sabo ta yi rauni shi ne a kujerun da ake yanke shawarar kuɗi da ɗaukar malamai da harshen koyarwa.

Gabatarwa



Sabo tana dab da Mokola, ba nisa da filin wasa na Adamasingba, cikin Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, ɗaya daga ƙananan hukumomi 33 na Jihar Oyo. Mutumin gari ya san ta da 'yan canji da masu tsire da maɗinka. Masu bincike kuwa sun fi saninta ta littafin Abner Cohen na 1969, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, lokacin da mazaunanta ba su wuce mutum 4,000 da 'yan kai ba. An yi rubutu da yawa a kan fataucin Sabo da ɗariƙarta da sarautarta. Tambayar da na kawo yau ta daban ce: yaron da aka haifa a Sabo, wace doka ce ta ba shi gurbi a aji, wa ke riƙe da wannan aji, kuma ta wace ƙofa ubansa zai shiga idan yana da magana?

Shekarar 1916 da abin da ya biyo baya

Abu biyu suka faru a 1916. A Ibadan, hukumar Turawa da sarakunan gari suka ware wa Hausawa fili, aka kafa Sabo da sarkinta. A Legas kuma Gwamna Lugga ya fito da dokar ilimi wadda ta ɗaura tallafin gwamnati a kan rahoton sufetoci: tarbiyya da ladabin makaranta, ƙwarewar malamai, sakamakon jarrabawa, da ingancin gini. Makarantun da dokar ke magana a kai galibinsu na mishan ne. A Ibadan karatun boko ya shigo ne ta hannun David Hinderer da matarsa Anna, waɗanda suka sauka a Kudeti a 1853. Wato tun asali, a wannan gari, ƙofar boko da ƙofar coci a jere suke.

Musulmin Yarbawa sun ga wannan matsala, sai suka nemo mata magani da kansu. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen, wadda aka assasa a Legas a 1923, suka gina makarantunsu, suka shiga layin karɓar tallafi. Sabo ba ta bi wannan hanya da wuri ba, kuma tana da hujjarta. Cinikin shanu da goro bai buƙaci takardar shaidar gama makaranta ba. Maigida ne ke saukar da fatake, dillali ya haɗa ciniki, a ba da shanu bashi ga mahautan gari a kan amana da lamuni, abin da ya kamata a rubuta kuma a rubuta shi da ajami. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ya iya lissafi ya gama shiri.

Sai aka zo shekarun 1950, kuma a nan nake so a tsaya a duba da kyau. Tsarin Mulkin Macpherson na 1951 ya ba jihohi iko a kan ilimi. A 1952 ministan ilimi na Jihar Yamma, S. O. Awokoya, ya gabatar da shirin firamare kyauta. Aka yi dokar ilimi ta jihar a 1954, ranar 17 ga Janairu 1955 kuma gwamnatin Obafemi Awolowo ta buɗe shirin, daga nan Ibadan ɗin. Yawan 'yan firamare ya tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa kimanin 811,000 a 1955. Karatu ya zama kyauta, amma ba a tilasta shi ba.

A daidai waɗannan shekaru, kamar yadda Cohen ya nuna, goyon bayan da hukuma ke bai wa sarautar Sabo ya fara zagwanyewa saboda siyasar jam'iyyu ta maye gurbin mulkin En'e. Mutanen unguwa suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka tsayar da masallacin Juma'arsu, suka ƙara ƙulle kansu don kare kasuwarsu. Dabarar ta yi aiki, don kasuwar ta tsira. Amma tsarar Yarbawan da suka shiga aji ɗaya a 1955 su ne daga baya suka zama hedimastoci da sakatarorin ilimi da manyan sakatarorin ma'aikatu, su ne kuma suka kafa ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Kason Sabo a wannan tsara ƙarami ne, kuma za mu ga ranar da aka zo aka tambayi wannan kaso.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi. A shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi, wata Dokar Soja ta 1977 ta tabbatar da karɓewar. An ƙirƙiro Jihar Oyo a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da firamare kyauta a faɗin ƙasa. Gwamna Bola Ige ya sake ɗaga tutar ilimi kyauta daga 1979 zuwa 1983. Hukumar ilimin firamare ta ƙasa kuwa an kafa ta a 1988, aka rushe a 1991, aka dawo da ita a 1993. Makarantun sun koma na gwamnati, amma da yawansu sun ci gaba da amsa sunayen coci-coci da ƙungiyoyin da suka gina su. Har gobe akwai uban da ke kallon allon suna a bakin ƙofa ya ɗauka makarantar ba tasa ba ce, alhali da harajinsa ake biyan malamanta.

Abin da doka ta ce a yau

Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da ilimin firamare kyauta kuma dole ga kowa. Sai dai an rataya masa sharaɗin idan hali ya samu, kuma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Shekara da shekaru lauyoyin gwamnati suna fakewa a nan.

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ita ce ta sauya lissafin. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokar ta biyo baya bayan shekara biyar. Sashe na 2 ya wajabta wa kowace gwamnati a Najeriya ba kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. A lura, kowane yaro aka ce. Ba a tambayi garin kakansa ba. Sashen ya kuma ɗora wa iyaye nauyi: wanda ya ƙi kai ɗansa, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Sashe na 3 ya haramta karɓar kuɗi, ya tanadi tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga mai karɓa. Sashe na 15, inda aka fayyace ma'anoni, ya ambaci almajirai da makiyaya da masu ƙaura da 'ya'ya mata da sunansu a cikin waɗanda shirin ya shafa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta maimaita wannan haƙƙi, Jihar Oyo kuma ta yi tata a 2006.

Kotuna sun ƙara wa maganar ƙarfi. Kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta ce a 2009 tana da hurumin sauraren batun haƙƙin ilimi, ta kuma yanke hukunci a Nuwamban 2010 cewa haƙƙi ne da ake iya nema a gaban alƙali, bisa sashe na 17 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam. A Maris 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar ƙungiyar LEDAP, ya ce tunda majalisa ta yi dokar 2004, alƙawarin sashe na 18 game da firamare da ƙaramar sakandare ya zama haƙƙin da kotu za ta tilasta.

Akwai sassa uku da suka fi shafar mai zama a Sabo. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asalin gari ko addini. Sashe na 41 ya ba shi ikon zama inda ya ga dama. Sashe na 38(2) kuma ya ce ba a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 17 ga Yuni 2022, wanda ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, a kan 'yancin addini na wannan sashe na 38 ya dogara. Saboda haka tsoron ƙofar coci da kakanninmu suka yi a 1916, doka ta amsa shi a rubuce. Ko iyaye a Sabo sun san da amsar, wannan wani zance ne.

Wa ke riƙe da akala

A nan ne abin ya cakuɗe. Tsarin Mulki ya bar wa Tarayya tsara mafi ƙarancin ma'aunin inganci. Ya ba jiha ikon kafa makarantu da yi musu doka. Jadawali na huɗu ya ce ƙaramar hukuma ta sa hannu wajen samar da ilimin firamare da kula da shi. Dokar 2004 ta shimfiɗa hukumomi uku a kan haka: UBEC a Abuja, SUBEB a jiha, da hukumar ilimi ta kowace ƙaramar hukuma ƙarƙashin sakataren ilimi. A Oyo, malaman sakandare suna hannun wata hukumar ta daban, TESCOM, ma'aikatar ilimi kuma tana bisa duka. Sau da yawa zaman nasu zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba. Rufin aji ya yaye, hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi, shi ya tura sama, sama ta ce ana jiran kason Abuja.

Kason Abujan kuwa yana da sharaɗi. Sashe na 11 ya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar Tarayya, amma jiha ba ta taɓa tallafin gine-gine sai ta ajiye nata rabin. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗinta sai ya yi ta kwana a asusu yara suna zaune a ƙasa. Albashin malaman firamare kuma an saba cire shi daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan wannan hukunci ya zauna da gindinsa, sakatariyar Ibadan ta Arewa da ke Agodi za ta ƙara nauyi a harkar firamare, kansilan mazaɓa kuma zai zama mutumin da ya kamata Sabo ta san ƙofar gidansa.

A ƙasan wannan tsani akwai kwamitin kula da makaranta, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da shi a tsakiyar shekarun 2000, don iyaye da shugabannin unguwa da mata da malaman addini su samu bakin magana. Oyo ta ƙara nata salo. A 2016 gwamnatin Abiola Ajimobi ta nemi shigo da masu zaman kansu cikin tafiyar da wasu makarantun sakandare 31. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce sayarwa ce, ɗalibai suka fito kan titi a watan Yuni, aka rufe makarantu, aka shiga yajin aiki. Abin da ya fito daga rikicin shi ne hukumar gudanarwa ga kowace sakandare, wadda ta haɗa shugaban makaranta da wakilan iyaye da tsofaffin ɗalibai da na unguwa. A wancan lokaci ɗaliban sakandare na biyan naira 1,000 kowane zango, 3,000 ke nan a shekara. Wanda ya karanta sashe na 3 dole ya yi tambaya, domin shekara uku na farkon sakandare suna cikin karatun da doka ta ce kyauta ne. Gwamna Seyi Makinde ya soke kuɗin ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2019.

A ganina tsarin hukumar gudanarwa tsari ne mai kyau da ke da aibi guda babba. Yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Makaranta irin Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, wadda aka kafa a 1929, tana da tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata da kowane banki, waya ɗaya za su buga a gyara ɗakin gwaje-gwaje. Makarantar da 'ya'yan masu tsire da 'yan dako suka cika ba ta da irin wannan gata. Ga ranar da aka tambayi kason 1955.

Kujerar Sabo

Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara shida, wanda aka haifi ubansa da kakansa a Sabo. Da asuba yana makarantar allo. Ƙarfe bakwai da rabi ya sa rigar makaranta. A gida Hausa yake yi, a bakin titi yana tsintar Yarbanci, a aji kuma malama na rubutu da Turanci tana bayani da Yarbanci. Ba ta yi laifi ba, domin Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga ta 1977, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a kewayensa. To wanne ne harshen kewayen wannan yaro? Idan unguwa aka duba, Hausa ne. Idan gari aka duba, Yarbanci ne. Manufar ba ta raba gardamar ba, sai aka bar ta ga duk malamin da aka turo. Abin mamaki, a ƙasar Yarbawa ne aka yi shahararren gwajin da ya nuna amfanin harshen uwa, wato shirin shekara shida na Ife wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har aji shida a Nuwamban 2022, sannan a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke hakan da komawa Turanci. Ko da wace manufa ake aiki, yaron nan yana buƙatar babba guda a makarantar da zai gane shi in ya ce cikinsa na ciwo.

Daga ina wannan malami zai fito? Nan ne takardar shaidar asali ta tare hanya. Shiga aji ɗaya ba ya buƙatarta. Amma neman aikin gwamnatin jiha, da tallafin karatu, da gurbin da ake rabawa bisa jihohi, duk sukan nemi mutum ya kawo takarda daga ƙaramar hukumar da kakanninsa suka fito. Sai ka ga saurayin da bai taɓa kwana bakwai a Katsina ba ya hau mota zuwa can neman shaidar cewa shi ɗan can ne, ita kuma takardar ba ta yi masa amfani a garin da aka yanke masa cibiya. Sashe na 15(3) na Tsarin Mulki ya yi alƙawarin cikakken haƙƙin zama ga kowane ɗan ƙasa a ko'ina, amma shi ma yana cikin babi na biyu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a kan wannan matsala a 2006. Kuma adalci ya sa a faɗa, Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano irin wannan tuwon yake ci.

Sai batun almajirai. Oyo na cikin jihohi 17 da shirin BESDA na Bankin Duniya, mai dala miliyan 611, ya zaɓa saboda yawan yaran da ba sa makaranta, kuma ita kaɗai ce daga Kudu maso Yamma. A Mayun 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, dokar 2004 da uba ko mai riƙo take magana. Almajirin da ubansa ke Zamfara, malaminsa ke Sabo, wa za a ja wa kunne? Ga fahimtata malamin da yaro ke kwana a hannunsa mai riƙo ne, kuma gara a zauna da alarammomi a daidaita lokutan karatu tun kafin wani ya zo da sammaci.

Ba zan ɗora wa hukuma laifin duka ba. Taron iyaye da malamai yakan faɗo a lokacin kasuwa, uba ya ce ba zai rufe teburinsa ba, uwa kuma ba a saba ta je ba. Aka yi zaɓen wakilai babu mu, aka tsayar da kuɗin jarrabawa da na rigar wasanni babu mu, sannan mu yi ta gunaguni a majalisa bayan la'asar. Unguwar da ta iya tsara lamunin shanu daga Arewa zuwa Kudu ba tare da kotu ko banki ba, bai kamata kujerar kwamiti ta gagare ta ba.

Abin yi

Ga hukumar SUBEB da ma'aikatar ilimi ta Oyo, abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabuwar doka. A sa a ƙa'idar kafa kwamitoci cewa duk makarantar da 'ya'yan Hausawa ke da yawa, a ware wa iyayensu kujera, mace ɗaya aƙalla a ciki. A kuma karɓi shaidar haihuwa da zama a jihar wajen ɗaukar malaman da ke jin Hausa, muddin suna da takardar NCE da rajistar hukumar malamai ta ƙasa. Hukumomin biyu suna da ikon yin haka gobe in sun so.

Ga Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, ranku ya daɗe, aikin farko shi ne ƙidaya. A bi gida-gida da tsangaya-tsangaya a rubuta kowane yaro daga shekara shida zuwa sha biyar, da inda yake karatu, da inda ya tsaya. Da wannan takarda ake zuwa ofishin sakataren ilimi, domin hukuma lamba take ji. A fassara sassa na 2 da 3 na dokar 2004 da sashe na 38(2) zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta su bayan sallar Juma'a. A kuma ɗauki nauyin samari da 'yan mata ko da biyar ne duk shekara zuwa kwalejin horon malamai, da sharaɗin su dawo su koyar a unguwa.

Ku kuma 'yan bokon Sabo da kuka riga kuka tsallake, likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, ku koma makarantun da kuka yi ku yanki katin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ku tsaya takarar kujerar hukumar gudanarwa a zangon karatu mai zuwa.